Dankalin da Gwaggo Ta Shanya

Wata Laraba ce da hantsi, a tsakiyar daminar shekarar da aka yi wa zaurenmu rufin kwano, ina 'yar shekara tara. An wuni biyu ana ruwa irin na Badun, wanda ba ya sauri kuma ba ya gajiya, sai ranar gari ya ɗan washe. Gwaggo, yayar mahaifina, tana zaune kan 'yar kujerarta a bakin madafa tana feren dankali, ni kuma ina tsugune a gefe ina wanke wanda ta fere. Sai guda ɗaya ya suɓuce mata, ya gangara ya tsaya daidai babban yatsan ƙafarta, fari tas a kan jiƙaƙƙiyar jar ƙasa. Na jira ta ɗauka. Ta sunkuya kuwa, amma hannunta ya nufi wani wuri dabam, yana lalube cikin ɓawo da laka, ya wuce dankalin sau biyu bai taɓa shi ba. Na ɗauka na saka mata a tafi. Ta haɗa dankalin da hannuna ta riƙe, sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Uwata, abin nan da kika gani, daga ni sai ke. Ko Innarki kada ta ji."

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Uwani, ita kuwa Gwaggo sai dai ta ce Uwata. Tun ranar na gane yana ce ke rufe mata ido a hankali, ta kuma gane na gane.

A lokacin unguwarmu ta Hausawa, Sabo, ba ta wuce shekara goma sha wani abu da kafuwa ba. Tsakaninmu da tudun Mokola akwai sauran daji, da ayaba da kwakwar manja, da 'yan hanyoyin ƙafa da mata Yarabawa ke biyowa da kayan talla a ka. Baba mai masauki ne, fataken goro ke sauka a wurinsa. Zaurenmu kullum cike yake da ƙamshin ɗanyen ganye, ana kwance huhu ana zaɓe ana sake ɗaurewa. Baƙi kuwa ciki suke zuwa da shi, kuma duk abin da ya fita daga cikin gida zuwa zaure a akushi, hannun Gwaggo ne. Ita ta reni Baba bayan rasuwar uwarsu. Da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, ta ɗaure 'yan kayanta ta biyo ƙaninta nan Kurmi. Ba ta da gona a nan, ba ta da ɗaki na aure, murhun nan mai duwatsu uku shi ne duk sarautarta. Na sha jin tana cewa, "Ni ban zo Kurmi don in zauna a miƙo mini ba." Abin da take tsoro ke nan: ranar da Baba zai san idonta ya tafi, ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa ya ce ta huta.

Badun garin doya ne, kowa ya sani, amma a gidanmu dankali ke da girma, domin Gwaggo ta ce shi ne abin da ya fi kama da gida. Tana da hanyoyin dafa shi da yawa, kowace da lokacinta. Na safe shi ne dafaffe da ɓawonsa. A wanke, a jera manya a ƙasan tukunya ƙanana a sama, ruwa kaɗan, a rufe da ganyen ayaba kafin murfi. Idan ya nuna sai a ɓare da hannu yana tururi, a dangwala da dakakken ƙuli-ƙuli mai yaji da ɗan man gyaɗa. In ruwa ya tsare mutane a gida, sai ta yi fate: ta yanka shi gutsi-gutsi, ta zuba cikin ruwan da ya sha albasa da daddawa da busasshen kifi, ta bar shi ya narke da kansa, alayyafo ya shiga daga ƙarshe. Suya kuwa a nan ta koya, wurin wata tsohuwar Bayarabiya da ke kawo mana manja, wadda muke kira Iya. Su doya suke soyawa su ce dundu, Gwaggo ta ce abin da doya ta iya dankali ma zai iya. Iya ba ta jin Hausa sosai, Gwaggo ba ta da Yarabanci sai na gaisuwa, amma sai su wuni a bakin kasko suna gardama kan kaurin yanka, kowace na ɗaga yatsu tana nuna wa 'yar'uwarta. Wanda ya yi ƙanana da yawa kuma, a yayyanka a shanya ya bushe ƙayau, a adana don kunun zaƙi.

Amma sarkinsu duka shi ne gasasshe. Bayan an sauke tuwo, Gwaggo takan ja garwashi gefe, ta buɗe rami a cikin rushi, wato tokar nan mai zafi da ke ƙarƙashin wuta, ta binne dankali ta rufe. Ba ta tona shi don dubawa. Tana cikin hira sai ka ga ta ɗaga hanci, ta ce, "Na tsakiya ya yi, na gefe da saura." Idan aka fasa, cikinsa laushi kamar an dama, ɓawon ya yi ɗanko da zuma-zuma. Takan ƙulla mini guda a gefen mayafi in tafi da shi makarantar allo, ina jin ɗuminsa a kafaɗa har mu idar da karatun safe. Da an tashe mu sai ƙawayena su kewaye ni a gindin mangwaron Malam, mu raba shi da farce, mu lashe yatsu, sannan mu baza duwatsun carafke. Ni ba gwanar carafke ba ce, don sau da yawa in na jefa dutse sama sai idona ya tsaya kan gajimare, dutsen ya faɗo ban sani ba.

Daga waccan Larabar na zama idon Gwaggo, ba wanda ya lura. Kowa ya ɗauka yarinya ce ta fara son girki. Ita ke da hannu da hanci da kunne, ni ke da launi. Takan tambaye ni ƙasa-ƙasa, kamar mai waƙa: manjan ya washe ko da saura, akwai hudar ƙwaro a wannan, wannan tabon ruɓa ne ko ƙasa ce. Ni kuma in amsa ƙasa-ƙasa. Na koyi ajiye mata kowane abu a wurinsa, wuƙa a dama, gishiri a gindin dutsen murhu na baya, ludayi a rataye. In baƙuwa ta shigo sai in riga gaishe ta da suna da ƙarfi, Gwaggo ta ɗora a kai kamar ta gan ta tun daga ƙofa. Ina jin daɗin wannan sirri ƙwarai. Gani nake kamar an ba ni ajiyar wani ƙwai, ina yawo da shi a tsakar gida ba wanda ya sani.

Bayan damina ta ɗauke, Inna ta haifi ƙanina, ta shiga wankan jego, madafa ta zama tamu mu biyu. A cikin kwanakin ne wani baƙon Baba, Malam Tanimu, wanda ke kai goro Jos wurin masu haƙar kuza, ya sauko daga jirgin ƙasa da ɗan kwando na tsaraba. Da aka shigo da shi muka buɗe, sai ga wasu abubuwa mulmulallu kamar ƙwan agwagwa, masu siririn ɓawo da 'yan idanu a jiki. Aka ce dankalin Turawa ne, a kan duwatsun Jos ake noma shi, wurin sanyi. Ba wanda ya taɓa ganinsa a gidanmu. Malam Tanimu zai wuce Ikko ya dawo bayan mako guda, ya ce a ajiye sai ya dawo a ci tare. Da Baba ya tambaye shi yadda ake yi da shi, cewa ya yi, "Ai dankali ne, yadda ake yi da namu."

Gwaggo ta jujjuya guda a hannu, ta shinshina, ta gatsa kaɗan ta tofar. Ta ce, "Wannan ba ya da zaƙi ko na kwabo. Ɗanye shar suka tono shi, bai sha rana ba." Duk wanda ya tashi da dankalin Hausa ya san haka ake yi: in an tono shi sai a baza a rana kwana biyu uku, ruwansa ya ragu, zaƙinsa ya fito. Ta ce tunda wannan ya fi lami, sai a ba shi mako cur. Ta sa na hau tsani na baza shi a kan rumfar da muke shanya, na bar 'yan ƙananan da suka rage a gindin kwando a ƙuryar ɗakinta. Kullum da safe in hau in juya shi, da la'asar in sake hawa.

A rana ta uku na ga ya fara sauya launi. Wani kore-kore ya fito masa ta ƙarƙashin ɓawo, da fari kamar inuwa, daga baya ya yi sosai, irin koren fiffiken aku. Na zauna a kan tsani ina kallonsa, ya yi mini kyau ƙwarai. A raina na ce ashe haka nasu yake nuna, namu ya yi ja, nasu ya yi kore. Da na sauko Gwaggo ta yi mini tambayoyinta na kullum: akwai huda, akwai ruɓa, ya yi taushi. Na ce babu, babu, babu. Gaskiya na faɗa. Ba ta tambaye ni launi ba, ni kuma ban ga abin faɗa ba, na riƙe koren nan a zuciyata kamar wani abin ado da na tsinta.

Ranar da Malam Tanimu ya dawo, ya cika zaure da labarin dankalinsa, yadda Turawa ba sa cin abinci sai da shi. Gwaggo ta dafa shi da ɓawonsa yadda take yi wa namu, ta daka ƙuli mai kyau, aka fita da akushi biyu bayan azahar. Ba a jima ba muka ji zauren ya yi tsit, sai tari da gyaran murya. Can sai ga Baba ya shigo da akushi a hannu, abin da bai saba yi ba. Ba fushi a fuskarsa, kunya ce. Ya ce abin ɗaci gare shi, yana maƙaƙi a wuya, kuma Malam Tanimu ya ce wannan dankalin ba ya son rana sam, a duhu ake ɓoye shi, in ya yi kore ko awaki ba a ba su. Baba ya ɗaga guda ɗaya a hannun dama ya ce, "Yaya, ba laifinki ba ne, ba mu san shi ba. Amma wannan koren haka, ba ki gan shi ba ki tambaya?"

Gwaggo ta ɗago kai. Na ga idonta ya nufi inda muryarsa take, ba inda hannunsa yake ba. Na so in tare mata, in ɗauke laifin ya dawo kaina, sai na yi wuf na ce, "Baba, ni ce! Ni ce ban faɗa mata ya yi kore ba."

Na ji maganar ta fita, na kuma ji abin da ta ɗauko. Baba ya dube ni, ya dubi yayarsa. Ya sauke hannunsa a hankali, ya sake ɗaga shi ta ɗaya gefen, ya ɗan kaɗa. Idon Gwaggo bai bi ba. Ya ajiye akushin a ƙasa, ya durƙusa a gabanta kamar yaro, ya ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Damina biyu ke nan, Auta. Tashi, baƙi na jiranka."

Kashegari aka shimfiɗa tabarmar a gindin bangon gabas, inda inuwa ke daɗewa. Baba ba mugunta ya yi ba. Ya ce ba zai iya barci ba in ya tuna makauniyar yayarsa a gaban tafasasshen mai, kuma me mutanen Sabo za su ce, ya sa wadda ta rene shi bauta har idonta ya ƙare. Aka samo wata maƙwabciya ta riƙa girki kafin Inna ta yi arba'in. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta ɗora hannuwanta a cinya. Ban taɓa ganin hannuwan nan ba aikin komai sai a lokacin, har na ga kamar ba nata ba. In an kawo mata abinci ta ci loma biyu ta ture. Iya ta zo da manja ta same ta haka, ta yi ta faɗa da Yarabanci tana nuna madafa, ba wanda ya amsa mata. Ni kuwa na daina zuwa kusa. Nakan laɓe a bayan randa ina leƙenta, ina jin kamar na saki ƙwan nan da aka ba ni ajiya.

Da Inna ta yi arba'in ta karɓi murhu. Inna mace ce marar yawan magana, amma ba abin da ke wuce ta. Tuwonta ba laifi, miyarta ma haka, sai dai gashin dankali ya gagare ta, ko kuma ta bari ya gagare ta, har yau ban tabbata ba. Ranar farko ya fito gawayi. Rana ta biyu ta yi ta tona shi tana dubawa, ya fito waje ƙone ciki ɗanye. A rana ta uku, da la'asar, Baba na zaune a tsakar gida yana riƙe da jariri, Inna ta binne dankali ta koma tana tsintar shinkafa kamar ta manta da shi. Ƙamshi ya fara tashi. Na ga Gwaggo a kan tabarmarta tana motsi, tana haɗiye magana. Ta daure, ta daure, can abin ya fi ƙarfinta, ta ce, "Ke Rabi, kashe shi za ki yi? Fitar da biyun da ke wajen dutsen gaba, sauran ki ƙara musu toka!"

Inna ta tashi ba gaggawa, ta tono biyun, ta fasa ɗaya ta miƙa wa Baba. Ya nuna daidai, har yana ɗigar da zaƙi. Ta ce, "Malam, daga inda take zaune ke nan. Ni da idona biyu ka ga abin da nake fitarwa kwana biyu. Abin da ke cikin toka ai ba mai ganinsa, duk ɗaya muke da ita, sai dai ta fi mu hanci."

Baba ya cinye dankalin nan tas. Ya goge hannu, sannan ya ce, "To, Yaya, toka taki ce, tukunyar safe ma taki ce. Amma kasko, don Allah ki bar wa Rabi."

Gwaggo ta ce, "Ka ji yaro, yau shi ke raba mini gado." Amma ta riga ta fara naɗe tabarmar.

Da ta zauna kan kujerarta, abin da ta fara yi shi ne kirana. Na fito daga bayan randa ina jan ƙafa. Ta laluba ta kama kunnena, ta ɗan ja ba da zafi ba, ta ce, "Uwata mai bakin sauri. Na gaji da ɓoyon ma, kin hutar da ni. Amma daga yau kome kika gani ki faɗa, ko ban tambaya ba, ko da kyau ya yi miki." Sannan ta aike ni in ɗauko ragowar baƙon dankalin nan da ke ƙuryar ɗakinta, wanda rana ba ta taɓa ba. Ta sa na duba kowane ɗaya na faɗa mata launinsa da ƙarfi, kowa na ji. Ta binne su a rushi. Suka fito da gari-gari a ciki, ba zaƙi, amma da gishiri da ɗan man shanu sai ga shi abin ci ne. Ta ɗanɗana ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi. Sai dai ba shi da fara'a."

Kaskon bai dawo hannunta ba har ta bar duniya, shekara shida bayan haka, kuma na san abin ya tsaya mata a rai. Duk ranar suya takan matso da kujerarta kusa yadda Inna za ta yarda, ta karkata kai tana sauraron kukan mai, lokaci-lokaci ta ce, "Juya." Inna kuwa sai ta juya.

Yanzu dajin da ke tsakaninmu da Mokola ya zama gidaje, zauren Baba na hannun ƙanina. Dankalin Turawa ya cika kasuwa tuli-tuli, ƙaramar yarinya ma ta san a duhu ake ajiye shi. A gidana risho nake girki, mai tsabta, ba hayaƙi, ina murɗa shi wuta ta zo in murɗa ta tafi. Ba ya barin toka ko cikin cokali. Wani lokaci in na sayo dankalin Hausa mai kyau, nakan tsaya da shi a hannu ina waige-waige a madafata, in rasa inda zan binne shi, daga ƙarshe in saka a tukunya. Yana daɗi, amma ba wanda ke ɗaga hanci daga inuwa ya ce ya yi.